Taron neman dabara ta waya: a rubuta kafin a buga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana da ƙungiyoyin manoma da na mata da matasa na jihar Damagaram, waɗanda yanzu suke haɗa kira ɗaya don neman shawara, tunda kuɗin motar ɗauko mamba daga Tanut ko Gure ko Magarya ya fi ƙarfin asusu. Hanyar tana da kyau, amma sau da yawa hannu Rabbana ake tashi. Shugaba ya yi dogon jawabi, mutum biyu su ce "haka ne", kiredi ya ƙare.

Ba laifin rezo kaɗai ba ne. A waya mutum ɗaya ke magana, kafin ya gama abin da ke ranka ya tsere. Tun 1958 wani bincike a jami'ar Yale ta Amurka ya nuna masu yin tunani kowa shi kaɗai sun fi waɗanda aka zaunar wuri ɗaya yawan dabaru. Don haka a tura tambaya tun ana gobe za a yi kiran, guda ɗaya kuma ƙarama. Ba "yaya za mu ci gaba?" ba, a ce "yaya za mu sayar da man gyaɗarmu ba da dillali ba?" Kowa ya rubuta amsa 3, da boko ko da ajami. Wanda ba ya rubutu ya aika wa sakatare saƙon murya.

Mutum 6 zuwa 8 sun isa. Kiran salula na yau da kullum yakan ɗauki mutum 5 ban da mai bugawa, kuma shi zai biya kowane layi. WhatsApp na ɗaukar har 32, amma da an wuce 8 an koma kasuwa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Ko wanne aka zaɓa a kashe hoto, shi ke cinye forfe, wato kuɗin intanet. Kada a sa ranar Alhamis, rabin mutane suna kasuwar Dole.

Abin da ya fi komai: jerin masu magana. Jagora ya ba kowa lamba, ya riƙa kiran suna, a fara da matasa da mata, shugaba da dattawa su zo ƙarshe. Mun san halinmu, in babba ya riga ya faɗi nasa, ba yaron da zai kawo saɓaninsa. A waya ma abin ya fi muni, domin shiru ba ya nuna ko kunya ce ko layi ne ya tsinke. Kowa dabara ɗaya a zagaye, cikin rabin minti, wanda ba shi da ita ya ce "na wuce". Zagaye uku. Ba suka, ba "mun taɓa gwadawa". Wannan ƙa'idar Alex Osborn ce, ɗan Amurkan da ya yaɗa tsarin taron neman dabara a 1953. Yabo ma a rage shi, domin yaba ɗaya kushe saura ne.

Wanda ba shi da magana ya rufe makirfo. Waya biyu a ɗaki ɗaya da lasifika a buɗe su ke kawo amsa-kuwwa, ɗaya ta kashe. Murya takan yi jinkiri, sai jagora ya ƙirga uku a zuci kafin ya kira na gaba. Wanda layinsa ya faɗi kada a jira shi, ya turo nasa a saƙo. Jagora kuma kada ya haɗa da rubutu. Sakatare ya rubuta da kalmomin mai su, ya karanto bayan kowane zagaye.

Zaɓe ba a wannan kiran ba. Sakatare ya tura jerin da lambobi, babu sunan kowa, kowa ya zaɓi 3 ya mayar masa shi kaɗai kafin magaribar gobe.

Daga wasu masu horar da ƙungiyoyi,
Sabon Gari, Damagaram