Ciwon ƙoda: jin sauƙi daban, warkewa daban

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan masu ciwon ƙoda, don wallahi abin yana ci min rai. Sai kaga an yi wa mutum wankin ƙoda sau biyu sau uku, kumburin ƙafa ya sauka, numfashi ya daidaita, ya fara cin abinci, shikenan 'yan uwa su ce ai ya warke a daina wahalar da shi, ba a jima ba a dawo da shi asibiti ranga-ranga.

Gazawar ƙoda fa iri biyu ce. Akwai mai zuwa farat ɗaya, kamar bayan amai da gudawa mai tsanani ko zubar jini wajen haihuwa ko cuta ta shiga jini, wannan in an tare ta da wuri ƙodar kan iya farfaɗowa cikin kwanaki ko makonni har a daina wankin gaba ɗaya. Amma wadda ciwon suga ko hawan jini suka daɗe suna ci shekara da shekaru, in ta kai mataki na 5, wato matakin ƙarshe na lalacewar ƙoda, ba ta dawowa. Kuma likita ne zai faɗi wacce ce bayan gwajin jini da fitsari da hoto, ba a ganewa a fuska.

Mai irin ta biyun yawanci sau 3 ake masa wanki a sati, kusan awa 4 duk zama, don aikin da ƙoda ke yi dare da rana ne inji ke ƙoƙarin cikewa. In ya tsallake, ruwa ya taru a huhu, sinadarin fotasiyam ya hau, shi kuwa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Shi yasa ake auna musu ruwan sha a rage gishiri, akwai tausayi kaga mutum na jin ƙishi ana hana shi, amma dole ce. Hannun da aka yi wa aikin jijiya don wanki ma kar a bari a gwada hawan jini ko a ɗebi jini a nan. Magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kuwa, da duk wani haɗin da ba a san me ke ciki ba, a yi nesa da su.

Dashen ƙoda shi ne ya fi kusa da warkewa, tun 1954 aka fara cin nasararsa a Boston ta Amurka tsakanin wasu tagwaye, kuma mai lafiya na iya rayuwarsa da ƙoda ɗaya. To amma ko shi ɗin, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar kullum ake shan sa muddin tana jiki, wanda ya ajiye don ya ji garau yana iya rasa ta, bayan ɗan uwansa ya yarda an yanka shi saboda shi.

Roƙona Edita, ku riƙa gayyato likitan ƙoda yana amsa tambayoyi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata, musamman na 'yan uwa masu jinyar marasa lafiyar, don su ke yanke shawarar a koma asibiti ko a zauna gida.

Naka,
Wani mai karatu