Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Lissafin Kuɗin Magani da Neman Biya Daga Inshora

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare.

Koken da ya fi zuwa mana bana shi ne takardun neman biya da kamfanonin inshora ke dawowa da su. Da muka zauna muka bi samfurin da kuka aiko ɗaya bayan ɗaya, bayan an goge sunayen marasa lafiya, sai muka ga matsalar takan faro ne tun daga fayil ɗin mara lafiya. Likita ya yi aiki, bai rubuta ba. Ko an rubuta cuta ɗaya, an nemi kuɗin gwajin da bai da alaƙa da ita. Wani lokaci kuma lambar inshorar ce aka kuskure, ko an yi tiyata ba a karɓi izinin kamfani ba, ko wa'adin turawa ya wuce takarda na kan tebur. Shi ya sa muka gayyato likitoci da ma'aikatan jinya zuwa bitar da muka shirya, domin mai lissafi ba zai iya neman kuɗin abin da babu shi a rubuce ba.

Bitar ta fi ba da ƙarfi kan lambobin cututtuka. Yawancinmu mun saba da ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda hawan jini yake I10, ciwon suga nau'i na biyu kuma E11. Sabon kundin, ICD-11, an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, kuma a cikinsa waɗannan cututtuka sun koma BA00 da 5A11. Kowace ƙasa da lokacin da za ta sauya. Shawararmu ita ce kada kowa ya sauya sai kamfanin da yake hulɗa da shi ya sanar a rubuce.

Akwai batun da ya fi damun mu. Wasu mambobi sun kawo mana kuka a asirce cewa ana matsa musu su yi aringizo: a sa lambar ciwo mai tsanani alhali mai sauƙi aka duba, a rarraba aiki ɗaya gida uku don kuɗin ya ƙaru, ko a nemi kuɗin maganin da ba a bayar ba. Wannan ha'inci ne, kuma ranar da masu bincike suka zo, sa hannun ma'aikaci za su fara gani. Mara lafiya ma yana cutuwa, don an liƙa masa cutar da ba shi da ita a fayil, kason da inshora ta ware masa kuma ya ƙare da wuri. Mun kafa ƙaramin kwamiti da zai saurari duk wanda aka matsa wa, ya ba shi shawara, ya kuma rufa masa asiri.

Inda muka gaza: jagorar ƙalubalantar takardun da aka ƙi biya, wadda muka yi alkawari bara, ba ta kammala ba. Laifinmu ne, muna neman afuwa. Daftarinta zai zo gabanku a babban taro mai zuwa, tare da rahoton ma'aji.