Kafin ku raba takardun jin ra'ayin nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Amurka? Saƙonka ya iso, na kuma ga cewa an sa ka cikin kwamitin da zai ji ra'ayin 'yan ƙungiyarku ta SCA (Society for Creative Anachronism), masu kwaikwayon rayuwar zamanin da, a kan ko yankinku zai zama masarautar yarima a ƙarƙashin babbar masarautarku. Allah ya taya ka riƙo. Aikin ya fi yadda ake ganinsa nauyi, don haka bari in faɗa maka abin da na sani tun ba ku buga takarda ko ɗaya ba.

Ka fara da gane cewa wannan ba zaɓe ba ne irin wanda mai rinjaye da ƙuri'a ɗaya ke lashewa. Tun da aka kafa ƙungiyar a birnin Berkeley na Kalifoniya a 1966, mutanenta suna sa tufafin zamanin da ya gabaci shekarar 1600, suna fafatawa da sandunan ratan, suna naɗa sarakuna, amma a hukumance kamfani ce mai hukumar daraktoci, kuma wannan hukuma ce ke da maganar ƙarshe a kan kafa sabuwar masarauta. Kundin dokokinta, wanda suke kira Corpora, ya ce masarautar yarima tana buƙatar aƙalla mambobi 100, cikakkiyar masarauta 400, baroni kuwa, wato reshen da bai kai masarautar yarima ba, 25. Bayan adadi yana neman suna da tambarin da aka yi wa rajista, da jami'an da za su riƙe ofisoshi, da shaidar cewa gagarumin rinjayen mutanen yankin suna so. Wannan shaidar ita ce aikinku. Ku masu tara hujja ne, Sarki da Sarauniya da Senesal, wato babban jami'in gudanarwa na masarauta, su duba, sannan ta wuce sama.

Saboda haka kada ku tsara komai sai Senesal ya ga takardar tambayar ya amince da ita a rubuce. Idan kuka yi gaban kanku, ana iya ce muku ku sake, kuma mutanen da aka tambaya sau biyu ba sa amsawa da ƙwazo a karo na biyu.

Sai batun iyaka, inda aka fi yin tuntuɓe. A Amurka ana raba ƙasar ƙungiyar ne da lambobin shiyya na gidan waya, ba da kogi ko dutse ba. Ku rubuta lambobin da za su shiga sabuwar masarautar ɗaya bayan ɗaya, ku zana taswira, ku liƙa ta a jikin takardar. Mutum ba zai iya cewa e ko a'a ga ƙasar da bai san bakinta ba. Daga nan a nemo jerin sunayen masu biyan kuɗin mamba daga ofishin ƙungiya bisa waɗannan lambobi, a kuma sanar da ranar da za a ciro jerin kamar wata guda kafin ta zo, don wanda katinsa ya ƙare ya sabunta, wanda ya yi ƙaura ya gyara adireshinsa. In ba haka ba, za ka tarar da wanda ya shekara goma yana dafa abincin taro ba ya cikin jeri, wanda ya bar garin tuni kuma yana ciki.

Akwai kuma masu zuwa taro kullum amma ba sa biyan kuɗin mamba. Ni a ganina a tambaye su, domin su ma suna ɗaukar tanti suna wanke kwanuka, sai dai takardarsu ta zama mai wani launi dabam, a ƙirga ta dabam. Haka su ma waɗanda ke wajen iyakar. Rabuwar za ta rage musu 'yan fage da masu aiki, ya kamata a ji bakinsu, amma kada a zuba ƙuri'unsu cikin na 'yan ciki. Ku kuma yanke tun yanzu shekarun da yaro zai kai kafin a ba shi takarda.

Tambayar kanta ta zama gajera, marar kwalliya: ka yarda waɗannan rassa su zama masarautar yarima? E, a'a, ko ba ni da zaɓi. Kada ku cusa suna ko tambari a cikinta. Mutum yana iya son masarautar ya ƙi sunan, sai ya ce a'a, ku kuma ku kasa gane abin da ya ƙi. Suna da tambari a yi musu tasu tambayar, kuma mai kula da tambura ya fara tace su, ya tabbatar da kambun ganyen lorel da ake buƙata a tambarin kowane reshe yana nan, babu kuma karo da na wasu. Sannan ku ƙara tambaya guda da na fi ba muhimmanci: idan aka kafa ta, wane aiki za ka ɗauka? Masarautar yarima tana son nata senesal, da ma'aji, da mai kula da fagen fama, da mai tambura, da masu maye gurbinsu in sun gaji. Tana son gasar zaɓen Yarima da Gimbiya da bikin naɗi a kai a kai, ga kambi da kujerun sarauta da za a saya. Idan mutum 150 suka ce e, amma shida kaɗai suka ce za su riƙe ofis, amsar da kuka samu ba e ba ce.

Wajen lissafi ka kula da waɗanda ba su amsa ba. A ce mambobi 300 ne, 90 suka dawo da takarda, 70 suka ce e. Masu goyon baya za su yi ta murnar kashi 78 cikin ɗari, alhali kashi 23 ne kawai na jama'ar yankin. Shiru ma magana ce. Don haka ku sanar tun farko yawan amsar da za ku ɗauka ta isa, da kason e da za ku kira rinjaye. Ni zan ce aƙalla rabi su amsa, biyu bisa uku na masu amsar su yarda, in dai dokar masarautarku ba ta faɗi wani adadi ba. Wanda ya sa ma'auni bayan ya ga sakamako, ba wanda zai yarda da shi. Ku kuma fitar da sakamakon reshe reshe, domin babban baroni ɗaya yana iya danne ƙananan rassa biyar da ke bakin iyaka, su ne kuwa za su fi shan doguwar tafiya.

Ku ba mutane kwana 30, da tunatarwa a tsakiya da kuma saura mako guda. Kowace takarda ta ɗauki lambar da ba ta da ta biyu. In ta intanet ne, a aika wa kowa tasa mahaɗar da ke aiki sau ɗaya, a kuma tanadi takarda da ambulan mai kan sarki ga dattawan da ba sa buɗe imel. Masu ƙirga su zama biyu ko uku daga wajen yankin, sunayen masu amsa kuma su tsaya a hannunsu. Mai jiran lambar girma daga hannun Sarki ba zai faɗi gaskiya ba in yana tsoron za a gan shi.

Za a tambaye ka ko wannan hanyar ɓallewa ce. Kada ka musa, tsoron yana da tushe: Drachenwald ta fita daga Masarautar Gabas a 1993, Lochac daga ta Yamma a 2002, Northshield daga ta Tsakiya a 2004, Avacal daga An Tir a 2015, duk bayan sun zauna a matsayin masarautun yarima. Amma Mists da Cynagua da Oertha suna nan cikin ta Yamma shekaru da dama ba su tafi ba. Ka faɗa musu duka biyun, ka sa hujjar masu so da ta masu ƙi a shafi ɗaya, tsawonsu ɗaya, kowane ɓangare ya rubuta tasa da hannunsa.

In kun gama tsara takardar, ka turo mini in duba kafin ta je wa Senesal. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Amininka.