Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Ranar Litinin

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyalinka. Tun da ka ajiye waya daren jiya ban runtsa ba, mahaifiyarka kuwa a kan sallaya ta kwana. Kuka ya hana ka saurarona da kyau, shi ya sa na zauna bayan asuba na rubuta wannan, zan ba direba ya kawo maka Kaduna. Ka karanta a natse.

Na tambaye ka tsakaninka da Allah, ka rantse mini ba ka taɓa yarinyar nan da ake zarginka da yi wa fyaɗe ba, na kuma yarda da kai. Sai dai alƙali bai haife ka ba, bai san halinka ba, abin da aka ajiye a gabansa kawai yake dubawa. Shekara 31 na yi ina magatakarda a kotu, na ga masu gaskiya da dama da suka jefa kansu rami a makon farko, tun kafin su ga fuskar alƙali.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta sulhun da dattawan unguwa suka kawo, wai ka ba da kuɗin magani a rufe zance. Na san alheri suke nufi, amma kada ka ba da ko sisi. Duk kuɗin da ya fita daga hannunka zuwa gidan su yarinyar, gobe za a tsaya a kotu a ce ga shi ya amsa laifi har ya biya. Haka ma kalmar "a yi haƙuri": mu a wurinmu ladabi ce, a takardar 'yan sanda kuwa sai ta koma ikirari. Wannan tuhuma ce da gwamnati ke ɗauka da kanta, ko iyayen sun ce sun yafe ba lallai ta mutu ba. Kada ka je gidansu, kada ka aika matarka, kada ka kira uban a waya, ko shi ya kira ka kada ka biye masa. Ana iya fassara hakan da yunƙurin tsorata shaidu, ya kuma ja a hana ka beli.

Ka san nauyin abin da ake jingina maka. A watan Satumba na 2020 gwamnatin Kaduna ta gyara dokar fyaɗe, namijin da aka samu da laifin yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe hukuncinsa dandaƙa ne da kisa. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, so nake ka daina ganin abin a matsayin rigimar unguwa da za ta wuce da kanta.

Ranar Litinin ka amsa gayyatar 'yan sanda. Gudu ba naka ba ne, wanda ya gudu ya rubuta wa kansa rabin hukunci. Amma kada ka taka caji ofis sai da lauya, lauyan ma wanda ya saba da shari'ar manyan laifuka, ba mai rubuta takardun fili ba. Na yi magana da kawunka kan kuɗin, idan kuma abin ya gagara akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, tana ba marar hali lauya kyauta. Sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauyanka, sashe na 36(5) kuma ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayaninka a gaban lauyanka, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake nema, saboda haka matarka ta kwantar da hankalinta. Kaduna ma ta yi tata dokar a 2017. Za a ce maka, "Malam, sa hannu kawai ka tafi gida." Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, layi bayan layi. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma haka.

Ka shirya wa zama a tsare. Mutane suna yawan faɗin cewa dole a kai mutum kotu cikin awa 24, amma sashen kundin tsarin mulkin da ake kafa hujja da shi, shi da kansa ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Abin da aka saba, a kai ka gaban majistare, shi kuma ba shi da hurumin sauraron irin wannan, sai ya tura ka gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Beli a Babbar Kotu ake nemansa, ba ya zuwa da sauƙi. A nan lauya nagari yake nuna amfaninsa, ya bi fayil ɗin kada ya kwanta a kan tebur wata da watanni.

Ka ce mini ranar da suke faɗa kana Zariya wurin bita. To wannan ita ce rigarka. Ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka yi masa sharri, rigarsa da ta yage ta baya ita ta wanke shi. Ka faɗi inda kake tun a bayaninka na farko, da sunan wurin, da lokacin da ka shiga da wanda ka fita, da mutanen da kuka zauna tare. Idan ka faɗa da wuri dalla-dalla, wajibi ne 'yan sanda su bincika. Idan ka bari sai a kotu, za a ce daga baya ka ƙirƙira, na sha ganin haka da idona. Yau ɗin nan ka nemi takardar da kuka sa hannu a wurin bitar, da rajistar makarantarku ta ranar, da saƙon banki idan ka cire kuɗi a can, da hotunan da aka ɗauka. Wayarka kada ka goge komai a cikinta, ko da abin da kake jin kunya ne, domin gogewar ta fi abin da aka goge muni. Ka rubuta rikicin da ya shiga tsakaninka da uban tun farkonsa, ka miƙa wa lauya shi kaɗai.

Facebook da WhatsApp ka rabu da su. Abokanka masu son kare ka ma ka roƙe su su yi shiru, musamman kada wani ya kuskura ya ambaci sunan yarinyar ko ya sa hotonta.

Ita kuwa yarinyar, ina roƙonka kada ka riƙe ta a zuciya. Shekararta tara. Ko dai wani babba ne ya sa mata magana a baki, ko kuma da gaske an cuce ta, tsoro ya sa aka nuna wanda ba shi ba. Ko wanne ne, ita ma an zalunce ta. Idan an ce za a kai ta asibiti a duba ta, kada lauyanka ya yi jayayya, binciken likita na gaskiya ba abokin gabarka ba ne. Dokar shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum a kan wannan shaidar kaɗai sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Irin wannan zalunci yana faruwa da yara a garuruwanmu, kai ma kana da 'ya mace, don haka kada ka ji haushin 'yan sanda don sun ɗauki maganar da zafi.

Jiya ka ce sai ka maka su a kotu kan ƙazafi. Akwai hanyar, ta ɓata suna da ta kai wa hukuma rahoton ƙarya, amma lokacinta bai yi ba, sai ka fita da takardar wankewa a hannu tukuna.

Daga yau ka koma kwana gidan kawunka, kada 'yan unguwa su ɗauki doka a hannunsu, lauya kuma ya sanar da 'yan sanda inda kake. Ni zan iso ranar Lahadi da yamma da takardun gidan nan, ko za a buƙace su wajen beli. Mahaifiyarka ta ce ka ci abinci, ka kuma turo mata yaran su zauna wurinta.

Allah Ya fitar da kai.

Mahaifinka