Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni batun korutin

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron masu rubuta manhaja da aka yi nan Sakkwato, ka miƙe gaban jama'a ka ce kana gina ƙaramin harshen sikirif da harshen C don aikinka na kammala digiri. Kana son shirin da aka rubuta da shi ya riƙa auna zafin rumbun albasa, yana kunna fanka, yana tura saƙon tes, duk a tare. Tambayarka ita ce: ka ba kowane aiki nasa zare, wato thread, hanyar aiki mai tafiya a gefen sauran, ko ka yi korutin, wato aikin da ke iya dakatawa ya ci gaba daga inda ya tsaya? Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar a rubuce don abokan karatunka ma su amfana.

Ka yi korutin. Shi zare, tsarin kwamfuta ke tsayar da shi duk inda ya ga dama, ko da yana tsakiyar sauya wata ƙima, don haka sai ka yi ta ɗaura makullai masu hana zare biyu taɓa ƙima ɗaya a lokaci guda, kuma kuskuren makulli ba ya bayyana sai ranar da ba ka zata ba. Korutin kuwa ba mai ƙwace masa aiki, shi ke kiran yield, umarnin sakin aiki, da kansa ya ba wani. Kamar ƙwaryar fura ce da ludayi ɗaya, kowa ya sha ya miƙa wa na kusa da shi. Dabarar ta daɗe, Melvin Conway ya yi bayaninta a rubuce tun 1963.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da kake ajiye sitak, wato tarin bayanan da ke nuna inda aiki ya kai. In tafintanka, wato ɓangaren da ke karanta shirin yana aiwatar da shi, yana bin bishiyar shiri ne, wato tsarin shirin reshe-reshe, aikin C yana kiran kansa yana nutsawa, to duk bayanin inda aka tsaya yana cikin sitak ɗin C, kuma C ba ta ba ka hanyar ɗauke rabinsa ka ajiye gefe ba. Saboda haka ka juya shirin zuwa jerin ƙananan umarni, madauki ɗaya ya riƙa aiwatar da su. Kowane korutin ka ware masa da malloc, aikin C mai ware wuri a ƙwaƙwalwa, nasa sitak na ƙimomi, da jerin kiraye-kirayen da bai gama ba, da lambar umarnin da zai ci gaba daga kai. In ka yi haka, resume, umarnin ci gaba da korutin, sauya manuni ne kawai zuwa sitak ɗinsa, yield kuma adana lambar ne a koma wa wanda ya kira. Kada ka manta mai kwashe shara, wato ɓangaren da ke share bayanan da aka daina amfani da su, ya riƙa leƙa sitak ɗin waɗanda ke dakace, in ba haka ba zai share abin da suke jira su yi amfani da shi.

Ka karanta yadda Lua, wani harshen sikirif, ta yi. An ƙirƙiro ta a Brazil a 1993, ta samu korutin a sigarta ta 5.0 a 2003, kuma ana iya yield daga can cikin kira. Duk da haka a 5.1, in aikin C ya shiga tsakani, kamar pcall mai tare kuskure, sai ta ƙi yin yield, sai a 5.2 ta 2011 aka warware wannan. Python ta bi wata hanya dabam: async da await da suka shigo a 3.5 a 2015 suna sa ka yi wa kowane aiki da ke kan hanyar alama. Ni hanyar Lua nake so maka, domin manomin da ɗansa zai rubuta masa layi goma ba ya bukatar wannan ɗawainiya.

Mai raba wa korutin aiki kuwa, layi ne kawai: ɗauko na gaba, ka yi resume, in bai mutu ba ka mayar da shi baya. Masu barci ka rubuta musu lokacin tashi.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne saƙon tes. In korutin ya tsaya jiran modem ba tare da yield ba, kuma sabis ya yi rauni, kowa ya tsaya ke nan, fanka ba za ta tashi ba, ga zafin watan Afrilu ya haura digiri 40. Haka Windows 3.1 take, shiri ɗaya ya maƙale sai ya riƙe sauran. Ka tura umarnin, ka yi yield, ka duba amsa a zagaye na gaba. Ka kuma sa tafinta ya riƙa ƙirga umarni, wanda ya wuce iyaka bai saki ba a kashe shi a ba da rahoto.

Ka fara da korutin biyu suna buga lambobi bi da bi. In sun yi daidai, ka kawo mini mu duba mai kwashe sharar tare.

Wassalam,
Yayanka a wannan sana'a