Kafin ka sayi sabuwar risiba, a duba dish da waya tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in ba da labarin wata wahala da na kusa sha a banza, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

A ƙarshen watan Mayun 2025 aka yi wani hadari a garinmu, irin na farkon damina mai yaye kwanon rufi. Da gari ya waye na kunna talabijin, sai ga abin mamaki. Yawancin tashoshi suna nan lafiya lau, amma duk masu alamar HD, masu hoton nan tar-tar, sun ƙi zama. Hoton ya tsaya cak, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, can sai allo ya yi baƙi ƙirin. Da wani lokaci ne da ban damu ba. To, saura 'yan kwanaki a hau Arfa, ranar 5 ga Yuni, kuma yayata tana cikin alhazan shekarar. Inna ta riga ta ce a gaban talabijin za ta wuni ko Allah Ya sa ta hango 'yarta. Na ce, "Inna, a cikin wannan taron ko ta gifta ai ba za ki gane ta ba." Ta ce, "Kai dai gyara mini. Ni na haife ta."

Na cire risibar na kai kasuwa. Mai shagon ko jona ta bai yi ba, ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ai ta gama aiki, ga sabon yayi." Har mun fara ciniki, Allah Ya taimake ni kuɗin aljihuna bai kai ba.

Da yamma ɗan maƙwabcina da ke sana'ar saitin dish ya shigo gaishe ni, ya tarar ina ta mita. Ya ce, "Baba, ba ni rimot ɗin." Ya mayar da risibar, ya buɗo wani shafi da ban taɓa kula da shi ba, mai layi biyu a kwance. Na sama yana nuna ƙarfin sigina, ya haura 80. Na ƙasa yana nuna ingancinta, yana ta rawa a wajen 40. Ya ce layin sama yaudara ne, abin da yake faɗa kawai shi ne waya a jone take kuma LNB, wato 'yar na'urar da ke bakin dish mai karɓo sigina, yana da rai. Na ƙasa shi ne alƙali. Tashoshin HD sun fi sauran ɗaukar kaya, galibinsu kuma da sabon tsarin aiko da tashoshi mai suna DVB-S2 ake aiko su a matse, saboda haka suna buƙatar sigina mai tsabta fiye da tsofaffin. Da inganci ya ɗan sauka, su ne farkon faɗuwa, sauran na tsaye kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa mutum ke zargin risiba. Mu da muka taso da tsohuwar talabijin mun saba in sigina ta yi rauni hoto ya yi yayyafi amma a ci gaba da kallo. Na zamani ba ya haka, ko ya ba ka duka ko ya hana ka duka.

Washegari da safe ya hau sama. Iska ta ɗan karkatar da dish ɗin, karkatar da ni daga ƙasa ban ma gani ba. Amma tauraron da yake kallo yana can sama da tazarar kusan kilomita 36,000, kaucewa kaɗan a nan ta isa. Sai kuma ya sauko mini da kan wayar da ke ɗaure a LNB: ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa, ɗan silin tagullar da ke tsakiya ya yi kore. Ya yanke wajen taƙi ɗaya na wayar, ya sa sabon kai, ya naɗe shi da tef. Daga nan yana sama yana juya dish a hankali, ni ina ɗaki ina ƙwala masa lamba ta taga. "47! 55! A'a, ta koma 38, dawo baya!" Yara suka taru suna maimaita abin da na faɗa kamar 'yan amshi. Da ta kai 72 ya fara ɗaure notuna, ɗaurin ma sai da ya sauke ta, ya sake kwancewa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin kwanon masara biyu ba.

Akwai laifina ni ma, kuma zan faɗa. Tashoshin sun dawo, amma yaron ya ƙura wa hoton ido ya ce bai yi masa ba. Ya leƙa bayan talabijin, ashe tun da muka sake wa ɗakin tsari, da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, na haɗa su. Rawayar ba ta iya ɗaukar hoton HD, iyakarta layi 576 na tsohon tsari. Sai da ya sa wayar HDMI, ya shiga saiti ya zaɓi 1080, sannan na ga abin da na saya tun farko. Na tabbata gidaje da yawa haka suke, an sayi talabijin mai tsada ana kallon hoton da bai fi na da ba.

Ba na cewa mai shago ba ya taɓa yin gaskiya. Tsohuwar risiba wadda tsofaffin tsare-tsare, wato DVB-S da MPEG-2, kaɗai ta sani ba za ta nuna HD ba ko da dish ya saitu, wani lokaci ka ji murya babu hoto, wani lokaci tashar ma ba za ta fito a bincike ba. Haka in tasha ta canza mita, sai an sake nemo ta. Amma risibar da ta nuna HD jiya, aka yi iska da dare ta daina yau, ba tsufa ne ya same ta ba. In kuma ana tsaka da ruwan sama mai ƙarfi ne hoto ya ɗauke, a yi haƙuri ruwan ya tsagaita, zai dawo da kansa. Abu biyu yaron ya ja mini kunne a kai: kada a taɓa wayar dish sai an kashe risiba daga soket, domin wuta ce mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ke bi ta ciki zuwa LNB, in silin tsakiya ya haɗu da ragar ƙarfen da ke kewaye da shi a cikin wayar tana iya ƙona risibar; kada kuma a yi gaggawar mayar da ita saitin kamfani, duk tashoshin da aka jera za su goge.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ware wani ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ku samo masu wannan sana'a su yi bayani da Hausa. Tun 30 ga Afrilun 2016 aka ƙaddamar da komawa talabijin na zamani a Jos, ya iso Kano a Nuwamban 2021, kuma masu akwatin eriya su ma da irin waɗannan layuka biyun suke fama. Ni dai mai karatu ne, amma sai da yaron da aka haifa a gabana ya nuna mini shafin da ke cikin rimot ɗina.

Ranar Arfa Inna ta shimfiɗa tabarma tun hantsi, da carbinta a hannu. Wajen la'asar ta ƙwala mini kira wai ga Yaya can cikin wasu mata riƙe da lema. Kafin in iso kyamara ta wuce. Yaya ta dawo ta ce a lokacin tana cikin tanti, Inna ta ce ita dai ta san tafiyar 'yarta.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku daga Funtuwa, Jihar Katsina