Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan barin karatun lauya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Kawunka ya zo mini da labarin cewa ka ƙudura ajiye karatun lauya domin ka shiga harkar fim, wai hujjarka ita ce Sergio Leone, daraktan nan na Italiya, shi ma ya bar karatun shari'a yana matashi. Na kalli finafinan masu takobi da sulke, irin waɗanda Leone ya fara da su, tun ba a haife ka ba, saboda haka ka saurare ni.

A cikin sana'ar aka haifi Leone a birnin Rum a 1929, mahaifinsa darakta, mahaifiyarsa 'yar wasa. Duk da wannan gata, ya fi shekara goma yana yaron wasu a Cinecittà, babban wurin shirya finafinai na birnin Rum, inda Amurkawa ke zuwa shirya manyan finafinan tarihi saboda arhar aiki. A matsayin mataimaki ya yi wahala a Quo Vadis na 1951 da Ben-Hur na 1959, cikin ƙura da dawakai da ɗaruruwan mutane sanye da kayan sojan Rum. A 1959 darakta Mario Bonnard ya kwanta ciwo ana cikin aikin fim ɗin halakar tsohon birnin Pompeii, Leone ya ɗauki nauyin har ƙarshe, amma sunan Bonnard aka rubuta a matsayin darakta. Sai a 1961, yana da shekara 32, The Colossus of Rhodes ya fita da sunansa.

Leone ke nan fa, mai uba a gindin murhu. Kai wa ka ajiye a can? Abin da ke hana ni barci shi ne ka kai shekara arba'in kana riƙe wa wani fitila, ba takardar shaida a hannunka, ba suna a allo, ƙannenka sun wuce ka. Leone ɗaya ka ji labarinsa, ba ka tambayi inda sauran mataimakan suka ƙare ba sa'ad da kasuwar waɗannan finafinai ta mutu wajen 1965. Ka san abin da aka sayar aka kai ka jami'a, kuma abin kunya ne in ji wannan magana daga bakin kawunka, ba daga bakinka ba.

Ban ce fim ba sana'a ba ce, kuma na san kana da ido tun kana ƙarami. Ka gama karatunka tukuna, idan an yi hutu ka bi masu aikin ka koya, ni da kaina zan taimaka da kuɗin kyamara. Mahaifiyarka ba ta ji ba tukuna, kada ka bari ta ji a waje. Ka zo gida ƙarshen wata mu zauna.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka